ƁARAWON DA BA YA HAURA KATANGA



A da, in an ce ɓarawo, mukan tuna da mai haura katanga da tsakar dare, ko mai kwance akuya daga turke. Yau kuwa ga ɓarawo zaune cikin ɗakinsa, da waya a hannu, yana kwashe abin da gwauruwa ta yi shekaru tana tarawa. Wani ya kira ya ce daga banki ne, za a rufe asusu in ba a faɗa masa lambobin sirri ba. Wani ya ƙwace WhatsApp na shugabar zumuntar mata, ya roƙi membobi kuɗi da sunanta. Wani kuma ya yaudari baƙuwa a ƙasar waje da alkawarin aure, har ya tatse ta. Don ba su ga hawayen waɗanda suka cuta ba, sai su kira abin wayo.

Hukuma dai ta kira shi da sunansa. Lambar nan 419 da kowa ya sani sashe ne na dokar laifuffuka ta Nijeriya da ya hana karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Dokar zamba ta 2006 ta yanka wa mai wannan laifi ɗaurin da bai gaza shekara 7 ba, bai kuma wuce 20 ba, babu zaɓin tara, ta kuma umarci kotu ta sa shi ya mayar da abin da ya ci. A 2015 aka kafa dokar laifuffukan intanet, wadda sashenta na 14 ya shafi mai aika saƙon ƙarya da niyyar zamba har wani ya yi asara. Hukumar EFCC, wadda ta fara aiki a 2003, ta kai matasa da yawa gaban alƙali. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Amma tun kafin majalisa ta zauna, Allah ya riga ya ba da Doka ta Bakwai da ta hana sata, da ta Takwas da ta hana ƙarya, mai zamba kuwa duka biyun yake takawa a lokaci guda. Nisan wanda aka cuta ba ya rage nauyin zunubin, haka nan launin fatarsa ko arzikinsa. Katikismar Ikilisiya Katolika, a lamba ta 2412, ta koyar cewa wajibi ne a mayar wa mai abu abinsa. Mu tuna da Zakka a Luka sura 19: da Yesu ya shiga gidansa, sai ya ɗauki alkawarin biyan duk wanda ya zalunta ninki huɗu, a nan ne Ubangiji ya shaida ceto ya sauka a gidan. Wanda ya je ikirari alhali ba shi da niyyar mayarwa, kansa ya ruɗa.

Yanzu sai mu duba namu laifin. Yaro ba aiki ba sana'a ya shigo da mota, uwa ta yi guɗa, uba ya yi shiru. Ranar godiyar girbi ya miƙa baiko mai kauri, mu tafa masa, mu ba shi kujerar gaba, ba wanda ya tambayi inda kuɗin ya fito. Abokin ɓarawo ai ɓarawo ne. Mun san rashin aiki ya gallabi matasanmu, kuma hakkinmu ne mu taimake su da sana'a da jari, amma yunwa ba ta halatta kuɗin kuka. Gara rufin majami'armu ya ƙara shekara yana yoyo da a rufe shi da fanshon wani tsoho.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku tun kafin 'yan sanda su tambaye su. Wanda aka zambata kada kunya ta rufe masa baki, ya gaggauta sanar da bankinsa da hukuma, ya kuma sani banki ba ya neman lambar sirri ta waya. Wanda hannunsa ke cikin wannan aiki kuma, ƙofar tuba a buɗe take: ya daina, ya je wurin Fada, su duba yadda zai mayar.

Allah ya ba mu zuciyar Zakka, ya sa albarka cikin guminmu, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.