Katangar Bara Ita Ke Nemo Aikin Bana

Duk mai sammako a manyan garuruwanmu ya san su. Tun kafin rana ta ɗago suna nan zaune a bakin titi, musamman kusa da kasuwannin kayan gini irin Ƙofar Ruwa a Kano da Dei-Dei a Abuja. Wani ya jingina shebur da diga, wani ya rungume jakar buhu mai ɗauke da cokalin gini da igiya da ma'auni. Da zarar mota ta rage gudu sai kowa ya miƙe, a yi caa a kanta: "Alhaji, aiki ne? Mutum nawa ake so?" Ya ɗaga yatsu biyu, biyu su faɗa mota, sauran su koma mazauninsu. In hantsi ya dubi ludayi babu wanda ya sake tsayawa, sai a fara watsewa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana lissafin abin da zai gaya wa iyali.

Wannan zama ba sabo ba ne, amma ya ƙara tsawo tun daga 2023. Ranar 29 ga Mayu ta wannan shekarar aka sanar da cire tallafin man fetur, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Wata guda bai cika ba aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Gini kuwa kusan komai nasa yana hawa mota, wani kuma yana hawa jirgin ruwa. Siminti daga Obajana ko Kalambaina ko Ashaka sai tirela ta sha dizal kafin ya iso, yashi da tsakuwa sai tifa, tayil da kayan wuta da yawa daga waje suke zuwa. Buhun simintin da ake saye wajen naira 5,000 ya haura 10,000 a wurare da dama a watan Fabrairun 2024, har sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da magana a kan 7,000 zuwa 8,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi, ko da bai sayi ƙwayar shinkafa ba, buhu bakwai zuwa goma kawai zai iya ɗauka a wata a kan waɗancan farashi.

Shi ya sa unguwannin bayan gari suka cika da kangaye. Gini ya kai linta ya tsaya, rodi ya leƙo sama yana tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka yi niyyar falo. Kowane kango kuwa ba birkila kaɗai ya bari a zaune ba. Kafintan da zai buga kwano yana jira, haka mai wayarin, da falamba, da mai tayil, da mai fenti, da welda da zai ƙera ƙofa da taga. A bayansu akwai direban tifa da masu lodin yashi, da 'yan ga-ruwa, da matar da ke kawo shinkafa da wake wajen aiki da azahar. Maigida ɗaya in ya ce "a dakata tukuna", tukwane da yawa ne suke sauka daga murhu.

To ga abin lura. A cikin wannan matsi akwai maginan da ba ka ganinsu a bakin titi. Tun da dare wayarsu ta yi ƙara, an gaya musu inda za su je da safe. Aikin ba shi da yawa kamar da, kuɗin ma ba su kai na da ba, amma ba su cika yin mako guda hannunsu bai taɓa kwaɓi ba. In ka bincika za ka tarar ba lalle ne su fi kowa araha ba, ba kuma 'yan uwan wani ɗan kwangila ba ne. Aikin da suka yi a baya ne yake musu magana.

Lokacin da kuɗi ke yawo, duk wanda ya iya riƙe cokali yana samun aiki. Maigida yana sauri, ba ya ƙirga buhu, in biyu sun yi ɓatan dabo ba zai lura ba, in ya lura ma ya kau da kai. Yanzu kuwa wanda ya tara kuɗin buhu goma da adashi da rance ba zai miƙa su ga wanda ya tsinta a hanya ba. Zai je gidan maƙwabci ya shafa bango, ya ƙwanƙwasa filasta da ɗan yatsa ya ji ko tana da rami a ciki, ya duba kusurwa ko ta miƙe. Sannan ya yi tambaya: "Wa ya yi maka wannan? Damina nawa ta gani? Yana da amana? In an ba shi kafin alƙalami yana dawowa?" Amsar waɗannan tambayoyi ita ce takardar shaidar magini, kuma ba yau yake rubuta ta ba. Ya rubuta ta shekara uku ko biyar da suka wuce, ranar da babu mai kallonsa, ya zaɓi ya zuba siminti yadda ya kamata ko ya ƙara yashi ya ɓoye buhu.

Abu na biyu shi ne, sabon gini yana tsayawa amma gyara ba ya tsayawa. Ruwan sama ba ya jiran tattalin arziki ya farfaɗo. Kwano zai yi yoyo, sokawe zai cika ko ya rufta, katanga za ta tsage. Ɗauki misalin dattijuwar da bangon ɗakinta ya dare ana gab da damina. Wani ya zo ya leƙa ya ce sai an rushe an sake, ya yanka mata kuɗin da ko ta sayar da awakinta ba za su kai ba. Wani kuma ya zo ya durƙusa, ya tona gindin bangon, ya ɗaga kai ya dubi indararo. Ya ce, "Hajiya, ba sai an rushe ba. Ruwan nan ne ke zuba a gindi yana cin tushe. A karkatar da shi zuwa kwata, a ƙarfafa ƙasan, a cike tsagar. Buhu biyu sun isa." Ya yi aikin cikin kwana biyu, ya share wurin, ya ɗaure bakin ragowar simintin ya ɗora a kan katako don kada sanyin ƙasa ya daskarar da shi, ya ce, "Ga sauran kayanki nan, Hajiya." Abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Amma dattijuwar nan tana zuwa suna tana zuwa biki, tana da 'ya'ya da surukai da jikoki, kuma ranar da ɗaya daga cikinsu zai ɗora ɗaki, an riga an san wanda za a kira.

Maginan da suka saba da manyan ayyuka sukan ga irin wannan gyara kamar ƙasƙanci ne. Wanda ya zuba dekin a bene mai hawa uku yana jin nauyin a gan shi yana liƙe bakin kwata. Amma sana'ar gini a ƙasar Hausa tun asali da gyara take rayuwa. Ginin ƙasa na tubali da azara yana son yaɓe a kai a kai, kuma kafin kowace damina magina suna bin soraye da katangu suna toshe inda ruwa zai shiga. Gwanayen da ake ji da su, daga zuriyar Babban Gwani wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarim har zuwa masu sarautar Sarkin Magina, a cikin irin wannan aiki suka horar da yaransu. A garin Yama na jihar Tawa a Nijar, magini Falke Barmu ya gina masallacin Juma'a na ƙasa a 1962. A 1975 ya dawo don gyaran rufinsa, daga nan aikin ya ci gaba, aka ƙara ƙubba da hasumiyoyi, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Komawa gyaran abin da ya gina ita ce ta kai sunansa duniya.

Haɗarin lokacin matsi shi ne yunwa tana ba da shawara mara kyau. Maigida zai ce ga abin da yake da shi, a yi masa dabara. Dabarar kuwa an san ta: buhu ɗaya a buga bulo fiye da ƙima har ya zama ana murje shi da hannu, a sa rodi mili goma inda ake buƙatar sha shida, a taƙaita zurfin tushe, a cire katakon dekin kafin kankare ya yi ƙwari. Magini yana tsoron in ya ƙi, akwai goma a bakin titi da za su karɓa. Tsoron nan gaskiya ne, ba na raina shi. Amma araha ba ta ado, kuma a gini abin ya wuce ado, rai ne. Mun sha jin benaye sun rufta da mutane a Legas da Abuja da Kano da Jos. In bango ya faɗi, ba a tuna cewa maigida ne ya matsa, sunan wanda ya ɗora bulo ake kira. Magini mai hangen nesa yana da amsar da ta fi: "Ranka ya daɗe, kuɗin nan ba za su yi ɗaki uku ba. Mu yi ɗaya mai ƙwari ka shiga, in Allah ya hore mu ƙara." Wataƙila a ranar ya rasa aikin. Sau da yawa kuma maigidan yakan je ya yi tunani ya dawo, domin ya gane wanda ya gaya masa gaskiya a kan kuɗinsa shi ne zai riƙe masa amanar gidansa.

Akwai kuma 'yan dabaru na halal da masu samun aiki suke yi. Suna yawan leƙa masu buga bulo da masu shagon siminti, domin su ne suka fara sanin wanda ya sayi kaya. Suna ɗaukar hoton aikinsu a waya, ba sa kuma canja lamba barkatai. Birkila yana koyon sa tayil, mai wayarin yana koyon haɗa sola, tunda tsadar mai ta sa mutane da yawa sun koma gare ta. In aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya kira abokinsa, gobe shi ma a kira shi. Kuma duk wuya suna ƙoƙarin kada su sayar da kayan aiki, domin ranar da kira ya zo, wanda ba shi da cokali da ma'auni ya koma lebura.

Ba na cewa duk wanda ke zaune a bakin titi maha'inci ne. Allah ya kiyaye. Akwai masu gaskiya da yawa a cikinsu: 'yan ci-rani da babu wanda ya san su a garin, waɗanda rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, da samarin da ba su taɓa samun damar gina katangar da za ta yi musu shaida ba. Nauyin waɗannan yana kan wasu. Ogan da wayarsa ke ƙara ya tuna shi ma wani ne ya fara miƙa masa cokali, ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu, ya bar su su ɗora layi ya duba, ya kuma faɗi sunansu in an yaba aikin. Maigidan da ya ga mutane sun yi yawa a kan aiki ɗaya kada ya mai da yunwarsu hanyar karya farashi, kada kuma ya ce wa wanda ya wuni yana ɗaukar bulo a ka "ka dawo jibi". Addini ya hore mu da biyan ma'aikaci haƙƙinsa ba tare da ja masa rai ba, kuma lebura da kuɗin yau yake cefanen yau. Hukumomin da ke riƙe kuɗin 'yan kwangila wata da watanni su ma su sani, ƙarshen bashin nan a kan mai shebur yake sauka.

Ƙasar nan ta shiga karayar arziki a 2016, ta sake shiga a 2020 lokacin korona, kuma bayan kowace an koma an ɗora kwano a kan kangaye. Mutane suna ƙaruwa, ana aure, ana neman ɗaki, don haka aikin gini zai dawo. Ranar da ya dawo, masu gida za su fara neman waɗanda suka riƙe musu amana a lokacin da buhu ɗaya yake da nauyi a aljihu. Saboda haka, ɗan'uwa magini, in an kira ka gobe, ko da gyaran bakin rijiya ne, ka je da wuri, ka auna daidai, ka faɗi gaskiyar abin da aikin zai ci, ka mayar da abin da ya rage. Allah ya sa albarka a guminka, ya kuma kawo mana sauƙi.