Kuliya Manta Sabo: Wane Haƙƙi Tsofaffin 'Yan Wasa Suke da Shi a Kanmu?

Hausawa suna yi wa kotu kirari da "kuliya manta sabo", domin alƙali na gari ba ya duba zumunci ko maƙwabtaka idan ya hau shimfiɗar shari'a. Wannan kirari shi ne sunan wasan kwaikwayon da Kanawa suka daɗe suna kallo a talabijin tun kafin a haifi Kannywood, inda Alhaji Daudu Galadanci yake fitowa a matsayin alƙali. Sunan mutumin ma yana ɗauke da unguwar Galadanci ta cikin badala, amma da tafiya ta yi nisa sai jama'a suka ajiye wannan suna, suka koma kiransa Kuliya.

Ba shi kaɗai ba ne rawar da ya taka ta haɗiye sunansa. Usman Baba Pategi ya zama Samanja har ya koma ga Mahaliccinsa a 2023. Abdullahi Shu'aibu na Jos ya zama Karkuzu. Ladin Cima ta zama Tambaya. Waɗannan su ne masu fitowa a alƙali, mai unguwa, uwar miji ko dattijon da ake kai wa ƙara. Ba don su ake buga hoton fim ba, amma idan aka cire su labarin ba shi da gida, domin saurayi da budurwa ba sa tsirowa daga ƙasa.

To, idan mutum ya shafe shekaru yana ara mana fuskarsa har muka sauya masa suna, wane haƙƙi yake da shi a kanmu?

Tambayar ta fito fili a watan Fabrairun 2022, lokacin da Ladin Cima ta bayyana a shirin Daga Bakin Mai Ita na BBC Hausa, ta ce abin da ake sallamarta da shi a fim yakan tsaya a naira 2,000 zuwa 5,000. Wasu manyan masana'antar, ciki har da Ali Nuhu da Falalu Ɗorayi, sun musanta, suka ce sun biya ta fiye da haka. Hujjar masu shirya fim ba abin yarwa ba ce: kasuwa ta mutu, ana biyan ɗan wasa gwargwadon fitowarsa, kuma babu wanda aka yi wa dole. Wanda ya san yadda cinikin kaset ya cika Ƙofar Wambai bayan fitowar Turmin Danya a 1990, ya kuma ga yadda satar fasaha da tura fim a waya suka durƙusar da shi, ba zai ce ƙarya suke yi ba.

Sai dai ciniki yana auna yini ne, ba ya auna shekaru. Fitowa biyu da dattijuwa ta yi a gaban kyamara ba aikin awa biyu ba ne kawai. Abin da mai fim ya saya shi ne yardar da masu kallo suka yi mata tun suna yara, wadda take sa su gaskata cewa uwa ce da zarar ta buɗe baki. Wannan yarda jari ce, kuma ita ta tara ta. Ana ci gaba da haska fim a tashoshi da YouTube shekara da shekaru, ita kuwa sallamar yini ɗaya ta ƙare tun a kuɗin mota.

A nan ne sabo yake yin ɓarna. Wanda ake kira Baba ko Mama yakan ji nauyin yin ciniki da 'ya'yan cikinsa, su kuma sukan ɗauki gaisuwa da durƙuso a matsayin wani ɓangare na biya. Kunya ta rufe bakin mai haƙƙi, girmamawa ta rufe idon mai biya. Sai ciwo ko kuɗin haya sun kai mutum bango, a ga bidiyonsa yana neman taimako, masu hali su kawo agaji. Allah ya saka musu da alheri, amma sadaka ba ta zama madadin lada. Mai karɓar sadaka godiya yake yi, mai karɓar haƙƙinsa kuwa kansa a ɗage yake.

Abin da ya dace ba boyayye ba ne: yarjejeniya a rubuce kafin a kunna kyamara, kaso ga ɗan wasa duk lokacin da aka sake sayar da aikinsa, da asusun lafiya da ƙungiyoyin masana'antar za su riƙe da gaskiya. Mu masu kallo namu shi ne mu biya kuɗin abin da muke kallo, domin daga nan ladan kowa yake fitowa.

Kotu tana manta sabo ne domin ta ba kowa haƙƙinsa. Dattawan nan sun fi buƙatar irin wannan mantuwar a ranar biya, sannan a dawo da sabo da zumunci bayan an ƙirga musu abin da yake nasu.