Ilmin Teku Ga Yaron Da Bai Taɓa Ganin Teku Ba

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai.

Sanannen abu ne cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi tsari daga ilmin da ba shi da amfani. Da wannan ne waɗansu ke kafa hujja cewa koya wa yaron Ƙofar Durbi a birnin Katsina labarin teku ɓata lokaci ne, tun da tsakaninsa da gaɓar Ikko akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, ruwan da ya sani kuwa na rijiya ne da na kududdufi. Tambayar ita ce, wa ke da ikon yanke hukunci cewa ilmi kaza ba shi da amfani?

A dubi hazon hunturu da ke lulluɓe ƙofar nan kowace shekara. Mafi yawan wannan ƙura tana tasowa ne daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, iska ta ratsa da ita ƙasar Hausa, wata ta zuba a tekun Atlantika. A cikinta akwai ɓurɓushin baƙin ƙarfe, ƙarfen da sura ta 57 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa. A saman teku kuwa akwai waɗansu tsirrai ƙanana da ido ba ya gani, su ne abincin farko na halittun ruwa, kuma su ke samar da kimanin rabin iskar shaƙa da tsirran duniya ke fitarwa. Ba sa yaɗuwa sai da baƙin ƙarfe, ko da kuwa ɗan mitsitsi ne. Wani masani ɗan Amurka, John Martin, shi ya ƙarfafa wannan magana daga 1988, aka jarraba ta a 1993 kusa da tsibiran Galafagos, aka zuba narkakken ƙarfe a ruwa, tsirran suka ƙaru. Ashe ƙurar da ke sa Bakatsine tari taki ce ga teku.

Teku ma ba ta barin bashi. Damina daga gare ta iska ke ɗauko ta, kuma masana sun danganta farin 1973 da na 1984 da sauyin zafin ruwanta.

Imam Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato idan al'umma duka ta bar su, duka ta yi laifi. Auna ƙarafa ƙanƙana cikin ruwa da ƙasa ya cancanci shiga wannan sahu, domin ba duka ne alheri ba. A 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara, kuma sai da aka auna jini da turɓaya kafin a gane sanadi. Awon dalma a ruwan teku, wanda Clair Patterson ya yi, yana cikin abin da ya tona asirin fetur mai dalma, wanda duniya ba ta rabu da shi a motoci ba sai 2021.

Katsina ba baƙuwar irin wannan nema ba ce. Muhammadu al-Kashinawi ya yi rubutu a kan lissafi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741, ba wanda ya ce ya bar hanya. Malamin firamare a Ƙofar Durbi kuwa ba ya bukatar jirgin ruwa kafin ya fara darasi. Taswirar Afirka ta ishe shi, da faranti guda da aka bari a kan katanga ya kwana cikin hazo.