Tsakanin Bakin Mutum da Bakin Mota

Ga wata tambaya da ta dace mu zauna mu auna ta: daidai ne a ɗauki hatsi a mai da shi man mota, alhali akwai mutanen da ke kwana da yunwa?

Abin ya samo asali ne daga tsadar man fetur ta shekarar 1973. Ƙasashen da ke sayen mai suka shiga neman abin da zai maye gurbinsa. A 1975 ƙasar Barazil ta fito da babban shiri na tatsar wata irin barasa daga rake, wadda ake kira etanol, ana zuba ta cikin motoci. Amurka kuma ta ɗauki masara. A 2005 da 2007 ta kafa dokokin da suka tilasta a riƙa gauraya etanol cikin man fetur. Yau fiye da kashi ɗaya cikin uku na masarar da Amurka ke nomawa, masana'antun etanol take tafiya.

Masu wannan shiri suna da hujja. Suka ce man da ke ƙarƙashin ƙasa wata rana zai ƙare, hayaƙinsa kuma yana ƙara wa duniya zafi, amma masara kowace damana sai ta sake tsirowa. Suka ce manomi ya samu kasuwa. Suka ƙara da cewa galibin masarar nan ta kiwo ce, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku nata yana komowa dussa a ba dabbobi. Duk wannan gaskiya ne.

To, amma mu yi lissafi. Kafin a samu lita 100 ta etanol, wato cikin tankin babbar mota sau ɗaya, sai an niƙa masara wajen kilo 240. Kusan buhu biyu da rabi ke nan, cimakar mutum guda ta shekara. Gonar da ta ba da masarar kiwo kuwa, da ta iya ba da alkama ko wake.

An ga abin da ya biyo baya. Daga 2006 zuwa tsakiyar 2008 kuɗin masara a kasuwar duniya ya ninka fiye da biyu. A farkon 2007 dubban mutane suka fita zanga-zanga a Meziko, inda wainar masara ita ce tuwon talaka. A 2008 tarzomar tsadar abinci ta tashi a Burkina Faso da Kamaru da Haiti. Mu ma da muke sayen shinkafa daga waje, tsadar ta iske mu har cikin tukunya. Etanol bai ɗauki laifin shi kaɗai ba. An yi fari a Ostireliya, man fetur ya yi tsada, wasu ƙasashe kuma sun hana fitar da shinkafarsu. Amma yana cikin dalilan. Shi ya sa a 2007 Jean Ziegler, wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin samun abinci, ya nemi a dakatar da mai da abinci man mota har shekara 5.

Wani zai ce: manomi da gonarsa, da guminsa, ba shi da ikon sayar wa wanda ya ga dama? Yana da shi. Mu ma nan, mai rumbu wanda ya fi tayi yake sallama wa. Sai dai kasuwa aljihu take dubawa, ba ta duban ciki. Mai mota idan mai ya ƙara kuɗi, zai yi tsaki ya biya. Talakan da rabin abin da yake samu ke tafiya wajen cimaka, idan tiya ta ƙara kuɗi, sai ya rage wa yara tuwo. Idan aka haɗa mutanen nan biyu suna tayin buhu ɗaya, an san wanda zai tafi da shi. Saboda haka nauyin ya fi hawa kan masu kafa doka, domin su ne suka kawo mota cikin kasuwar hatsi, suka kuma tilasta a ba ta rabonta ko a shekarar da damana ba ta yi kyau ba.

An nemi wata dabara, aka ce a tatso mai daga abin da ba a ci, kamar ƴaƴan bini-da-zugu. Kamfanoni suka karɓi manyan filaye a Tanzaniya da Mozambik da Gana. Sai aka tarar itacen nan ba ya ba da ƴaƴan kirki sai a ƙasa mai albarka da ruwa. Yawancin kamfanonin suka karye, wasu ƙauyuka suka rasa fili, aikin da aka yi musu alkawari kuma bai ɗore ba. Garin neman gira an rasa ido.

Wannan bai sa mu juya wa sabon makamashi baya ba. Yana koya mana tambayar da za mu riƙa yi wa kowace dabara: daga wurin wa take ɗauka? Motar da ke haɗa inji da batir, irin Prius da kamfanin Toyota ya fito da ita a Japan a 1997, rage shan mai take yi, ba ta taɓa rumbun kowa. Allon da ke mai da hasken rana lantarki ana iya kafa shi bisa rufin ɗaki ko kan fako, kuma eka guda ta allunan nan tana tafiyar da mota nisan da ya fi na eka guda ta masara ninki barkatai. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin lantarkin rana ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100. Ɗan ƙasarmu Farfesa Abdou Moumouni ya ba da shekaru masu yawa na rayuwarsa ga binciken ƙarfin rana, yau kuma ga tashar Malbaza ta 2018 da ta Gorou Banda ta 2023 suna ba da wuta.

Manomanmu sun daɗe da sanin tsarin rabo. Idan an kawo amfanin gona gida, iyali ake fara cirewa, sannan iri, sannan dabba, abin da ya saura a kai kasuwa. Magidancin da ya ɗebi hatsin iyali ya ƙosar da doki, yara na kuka, gari duka zai zarge shi. Mota dokin zamani ce. A ba ta rana da iska da abin da ya yi saura, amma kada ta riga mutum sa hannu a akushi.