Yafiyar da Ba a Tambayi Mai Haƙƙi Ba

A watan Yunin 2020 gwamnonin Najeriya suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. A watan Satumba jihar Kaduna ta gyara dokarta, ta tanadi dandaƙa da kisa ga wanda ya lalata yaron da bai kai shekara 14 ba. Hukunci ne mai tsanani, amma alƙali ba ya hukunta wanda ba a kawo gabansa ba, kuma da yawa daga cikin maganganun nan a zauren mai unguwa suke mutuwa. Misali, yarinyar 'yar talla ce, ubanta lebura, wanda ya ɓata ta kuwa mai shagon da ake karɓar bashi wurinsa. Dattawa su zauna, a ce a rufa asiri, a bar wa Allah, a miƙa ɗan kuɗin magani. Ita tana ɗaki, babu wanda ya ji ta bakinta.

Masu kare irin wannan sulhu da addini suke kafa hujja, cewa Musulunci na son sutura da yafiya. Gaskiya ne, sai dai yafiya ta mai haƙƙi ce, kuma wadda aka karɓa daga talakan da ke tsoron maƙwabcinsa tilas ce aka sauya mata suna. Suturar da malamai suka kwaɗaitar a kanta ta wanda ya zame ne tsakaninsa da Ubangijinsa. Mai cutar da yara kuwa, rufa masa asiri miƙa masa yarinya ta gaba ne. Imamu Malik, wanda mazhabarsa muke bi, ya bayyana a Muwaɗɗa cewa wanda ya tilasta wa mace, haddi ya hau kansa, zai kuma biya ta sadakin irinta, ita babu komai a kanta. Da Usama ɗan Zaidu ya nemi sassauci ga matar Banu Makhzum da ta yi sata, Manzon Allah (SAW) ya fusata, ya tunatar cewa barin babba da hukunta mai rauni shi ya halaka mutanen farko.

Masu kare sulhun suna da wata hujjar da ta fi wannan nauyi. Kotu na ɗage zama wata da watanni, uban ya ƙarar da abin hannunsa a kuɗin mota da na asibiti, sunan 'yarsa ya bazu har manema su guje ta. Ban ga laifin uban da ya sare ba. Laifin na hukumar da ta bar shi shi kaɗai ne, alhali dokar hana cin zarafi ta 2015 ta ba wadda aka zalunta haƙƙin magani da taimakon lauya da diyya, ta kuma hana bayyana sunanta. Waɗannan tanade-tanade su ya kamata malamai da masu unguwanni su matsa wa gwamnatoci su cika, su kuma raka uban zuwa ofishin 'yan sanda da kansu.