Kunya da Kaki: Tunanin Wani Kurtu

Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka aikin ɗan sanda, kawuna yana fadama a wani ƙauye na ƙasar Maƙarfi, yana tsaye a kan masu dafa mazarƙwaila. Na durƙusa na gaya masa. Ya daɗe yana kallon tukunyar da ke tafasa, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Yau mu ma mun samu namu a ciki." Na yi murna da jin haka, domin a lokacin addu'a kawai na ji a cikin maganar. Sai da na yi wata huɗu a Kwalejin 'Yan Sanda ta Kaduna kafin na gane cewa akwai bashi a cikinta, kuma wannan bashin ne ya haifi tambayar da nake son tattaunawa: shin mutumin da aka raina da kunya zai iya riƙe doka a garin da aka haife shi?

Kawun nan shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Da kuɗin rakensa na gama sakandare, da su na yi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Bayan hidimar ƙasa na zauna fiye da shekara ba aiki, har aka buɗe ɗaukar kurata. Sharuɗɗan ba su da yawa: shekara 18 zuwa 25, kiredit biyar har da Ingilishi da Lissafi, tsawon namiji kada ya gaza mita 1.67, faɗin ƙirji santimita 86. Na shiga a kan gaɓar shekaruna na ƙarshe. An auna tsayina, an auna ƙirjina, an duba idona da tafin ƙafata. Babu wanda ya auna yawan mutanen da nake jin nauyinsu, alhali shi ne kaya mafi nauyi da na shiga da shi.

Horon kurtu wata shida ne, kuma mafi yawansa gyaran jiki ne da karya son rai. Tun kafin gari ya waye ana kan gudu, hantsi na yi ana fareti, a juya dama a juya hagu har ƙafa ta daina shawara da kai. Da farko na raina wannan, ina ganin bai dace da mai digiri ba. Daga baya na ga hikimarsa. Wanda za a damƙa wa bindiga a tsakiyar kasuwa dole ya koyi tsayawa cak idan an ce ya tsaya, ko da zuciyarsa na tafasa. Bayan fareti kuma akwai aji, inda ake karantar da mu Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da dokokin laifuffuka da yadda ake ɗaukar bayani. A nan na haddace cewa beli kyauta ne, cewa tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama gaban alƙali cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, cewa ba a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniya, kuma sashe na 36 ya haramta kama wani a madadin wanda ake tuhuma. Na rubuta su a jarrabawa, na ci. Ban san jarrabawar gaske tana tafe a cikin babbar riga ba.

Wata Lahadi kawu ya shigo Kaduna, ya biyo ya gan ni, da ƙullin mazarƙwaila a hannunsa. Bayan gaisuwa ya kawo abin da ke tafe da shi. Wani saurayi daga wajen Paki, a ƙasar Ikara, ya karɓi naira dubu tamanin a hannunsa da alkawarin zai kawo ma'aikata su sare rake, sai ya tsere Kudu, wayarsa a kashe. Uban yaron yana nan, tsoho ne mai saƙar asabari. Kawu ya ce, "Ɗan nan, ba na son a taɓa lafiyarsa. Kwana biyu kawai ya yi a bayan kanta, za ka ga yaron ya fito da ƙafarsa. Kai yanzu kana da mutane a ciki, ka yi musu magana."

Na san amsar, har lambar sashen na sani. Amma na sunkuyar da kai ina wasa da igiyar takalmina, na ce, "To, Kawu, bari a gani." Wannan "bari a gani" ita ta hana ni barci daren nan. Ban yi ƙarya ba, ban kuma faɗi gaskiya ba. Kunya ce ta tsaya a tsakani.

Ba na cikin masu zagin kunya. Da A. H. M. Kirk-Greene ya tattara siffofin mutumin kirki a wajen Bahaushe a 1974, ya jera kunya tare da gaskiya da amana da adalci, kuma ya yi daidai. Ita ke hana yaro ɗaga wa babba murya, ita ke hana mai ƙarfi cin abincinsa a gaban mayunwaci. A Hunkuyi ko Gimi ko Kurmin Kogi, rigingimun da jin nauyin juna ke kashewa a zaure sun ninka waɗanda ke isa caji ofis. Sai dai siffofin nan da aka jera a layi ɗaya ba kullum suke tafiya tare ba. A ranar Lahadin nan kunya ta ja ni gabas, adalci ya ja ni yamma.

Tarihin aikin nan a ƙasarmu ya gwada hanya biyu na warware wannan matsala, kuma kowace ta bar tabo. Ta farko ita ce a kawo baƙo. A shekarun 1860 Kyaftin John Glover ya tara Hausawa, da yawansu waɗanda suka gudo daga bauta, ya ba su makami su tsare Ikko. Amfaninsu a wurinsa shi ne ba su da kawu a garin, ba wanda za su ji nauyinsa. Wannan tunani ya bi rundunar har bayan da aka haɗe ta Arewa da ta Kudu a 1930. Baƙo ba ya son kai, gaskiya ne, amma wanda ba ya jin kunyar kowa ba shi da abin da zai riƙe masa hannu sai tsoron na gaba da shi. Duk direban da ya taɓa ɗauko tumatir daga Ikara ya nufi Kudu zai ba da labarin hannun da ake miƙo masa a shinge bayan shinge, hannun mutumin da ya tabbata ba za su sake haɗuwa a wajen suna ko jana'iza ba. Zanga-zangar watan Oktoba na 2020, wadda ta sa aka rushe rundunar SARS, kuka ce a kan ƙarfin da ya rabu da kunya.

Hanya ta biyu ita ce ɗan gida. A Arewa mun yi dogarai, mun yi 'yan dokar En'e, waɗanda suka san kowane lungu da kowace zuriya. Amma dattawan da suka ga siyasar shekarun 1950 suna tuna yadda aka riƙa amfani da su a kan 'yan NEPU, har aka zo aka narkar da su cikin rundunar tarayya a zamanin Janar Yakubu Gowon. Ɗan gida yana da kunya, sai dai kunyarsa sama take kallo: yana jin nauyin hakimi da mai kuɗi da wanda ya yi masa rana, ba ya jin nauyin mai saƙar asabari. A 'yan shekarun nan hukuma ta sake karkata ga wannan hanya, inda ake ɗaukar kurata daga ƙananan hukumomi 774, aka kuma bayyana manufar mayar da su yankunansu na asali. Ke nan ana iya tura ni Maƙarfi ko Kudan ko Ikara, inda rabin masu shigowa ofis sun san sunan kakata.

A daren da ban yi barci ba, na lura da wani abu. A duk tsawon hirarmu da kawu mutum ɗaya ne ba ya wurin, kuma shi ne za a kulle. Na ji kunyar kawu saboda yana gabana, ina ganin furfurarsa da kantar hannunsa. Tsohon Paki ban taɓa ganinsa ba, shi ya sa ya zo mini da sauƙi in ce "bari a gani" a kan 'yancinsa. Ido ke jin kunya, in ji Hausawa, kuma a nan raunin abin yake: idan ido bai gani ba, sai kunyar ta yi barci. Na tambayi kaina, da a ce tsohon nan yana zaune a gefen kawu, da rawaninsa da carbinsa, zan iya buɗe baki in ce a rufe shi a kan laifin da bai yi ba? Wallahi ba zan iya ba. Ashe ba yawan kunya ne ya kusa kai ni ga zalunci ba, ƙarancinta ne. Tawa ta tsaya a bakin ƙofar gidanmu.

A nan na fahimci amfanin dokar da na haddace. Sashe na 36 yana yi wa tsohon da ba ya nan aikin da idonsa zai yi da yana nan. Doka ita ce ke zaunar da wanda ba ya wurin a kan tabarma, ta tilasta mini in dube shi. Saboda haka ban yarda cewa sai kurtu ya kashe kunyarsa kafin ya zama ɗan sanda nagari ba. Abin da ake bukata shi ne ya faɗaɗa ta har ta game wanda bai sani ba, ya ji nauyin Bafulatanin da aka kawo daga ruga da ɗan ci-ranin da ba shi da kowa a gari kamar yadda yake jin nauyin kawunsa.

Mai karatu zai iya cewa wannan butulci ne da aka yi wa ado, tunda da kuɗin raken nan na zama abin da na zama. Maganar tana da ƙarfi, kuma ban raina ta ba. Kawu yana bina bashi, har in mutu ba zan gama biya ba. Amma bashin a kaina yake, da abin da na mallaka zan biya: albashina, ƙarfina, lokacina. Kakin da za a ba ni da ikon kama mutum ba nawa ba ne, amanar jama'a ce, kuma cikin masu ita har da tsohon Paki. Wanda ya biya bashinsa da kayan amana bai fita bashi ba, ya dai sauya mai binsa.

Wani kuma zai ce niyyar kurtu ɗaya ba ta gyara runduna, kuma shi ma ya faɗi gaskiya. Ƙarancin albashi yana nan, umarnin na gaba yana nan, kuma ban san yadda ƙafata za ta tsaya ba ranar da mai roƙon ya zama mai anini a kafaɗa maimakon mai furfura. Shi ya sa nake ganin idan za a mayar da mu gida, ya kamata horo ya ba wannan darasi irin lokacin da yake ba fareti. Yadda ake maimaita juyawa dama har ta zama jiki, haka ya dace a riƙa gwada mu da roƙon ɗan'uwa da na suruki da na mai unguwa, har mu iya cewa a'a cikin ladabi ba tare da murya ta yi rawa ba. Ƙin bin son ran babba ba tare da an ci mutuncinsa ba fasaha ce, kuma ana koyonta.

Bayan kwana uku na kira kawu a waya. Na ce, "Kawu ya yi haƙuri, abin nan ba zai yiwu ba. Doka ta hana, kuma ko ba ta hana ba, tsohon nan sa'an Kawu ne. A kai maganar gaban mai unguwarsu, in ta ƙi a je kotu. In kuma kuɗin sun ƙi fitowa, ni zan riƙa biya daga albashina har su cika." Ya yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ya ce, "Ban roƙe ka kuɗi ba," ya kashe wayar.

Har yau gaisuwarmu ba ta koma yadda take ba. Mahaifiyata ta ce in bar shi ya huce, ta kuma gaya mini cewa bai kai maganar wurin kowa ba, tsohon yana nan yana saƙarsa. Saura 'yan makonni mu yi faretin fita, kuma ban san inda za a tura ni ba. Idan gida ne, na san ranar farko da zan sauka a Tashar Yari da kaki a jikina, gidan kawu zan fara zuwa, in cire hula da takalmi a zaure in durƙusa in gaishe shi kamar yadda na saba. Wannan haƙƙinsa ne, kuma ba zan taɓa tauye masa shi ba. Mazarƙwailar da ya kawo mini kuwa tana nan a ƙasan akwatina, ban iya sha ba, ban kuma iya bayarwa ba.