Kututturen Bai Mutu Ba

'Yan'uwa masu cin guminsu, ku zo mu leƙa Maraɗi.

Bayan farin 1973 da na 1984, gonakin yankin sun koma fili fetal. Iska ta kwaso rairayi ta binne shuka, manomi ya yi ta maimai a damina ɗaya. An kashe kuɗi wajen dashen itatuwa, akasarinsu suka bushe. Mutane da yawa suka sallama, suka ce hamada ta ci ƙasar.

Ashe kututturen nan da ake sassabewa duk bazara, saiwarsa tana nan da rai. Wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya ja hankali a kai a 1983, amma hannun talaka ne ya yi aikin. Mutum ya duƙa da addarsa, ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, ya datse sauran, ya tsare su daga awaki da masu sara. Shi ke nan sassaben zamani. Waɗanda suka fara sun sha dariya, wai gonarsu ƙazama ce, ta malalaci. Da maƙwabta suka ga yadda gero ke yi a gindin gawo, ga makamashi, ga abincin dabbobi da rani, sai kowa ya kama. Yau ana ƙiyasin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200.

Ba a taro aka raba wa mutanen nan ƙarfin zuciya ba. Sun gwada a kututture ɗaya, suka ga ya tashi, sannan zuciya ta yarda cewa za a iya goma.

To kai bakanike da aka kawo maka mota mai kwamfuta gabanka ya faɗi, ka manta ranar da ko kwance taya ba ka iya ba? Ke mai ɗinki da kike mayar da sabon yayi don tsoron ɓata yadin mutane, wa ya haife ki da almakashi? Tsadar rayuwa gaskiya ce, ba na raina ta. Amma zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Gobe in Allah ya kai mu, ka karɓi aikin nan da kake ta gudu. Inda ya cije, tambayi wanda ya riga ka, ka dawo ka ƙarasa da hannunka.